Gobarar Ɗakin Girki: Ƙaddara Ce Ko Sakacinmu?

 

Ya ku 'yan'uwa, wataƙila wani zai buɗe wannan shafi ya yi mamakin ganin mun bar manyan mas'aloli mun koma maganar murhu da risho. To, ga abin da ya jawo. A cikin hunturun da ya wuce mun je ta'aziyya a wata unguwa ta cikin tsohon garin Sakkwato. Matar wani ɗan'uwa ce, yarinya mai ƙuruciya, ta ga wutar risho tana neman mutuwa alhali tuwo bai nuna ba, sai ta buɗe tankin ta tsiyaya kananzir ba tare da ta kashe wutar ba. Ta yi kwanaki tana jinya a asibiti kafin Allah Ya karɓi abinSa. Duk wanda ya shigo zauren sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah Ya ba da haƙuri. Mu ma haka muka ce, kuma gaskiya ne. Amma har aka watse babu wanda ya tambayi inda aka sayo kananzirin, ko wanda ya taɓa zaunar da marigayiyar ya gaya mata cewa ba a zuba mai a risho yana ci. Mijinta kuwa ba jahili ba ne. Ba ya fashin karatu tsakanin Magariba da Isha'i, ya san hukuncin ƙabli da ba'adi filla-filla. Wannan ne ya hana mu barci.

Babu Musulmin da ke jayayya a kan ƙaddara, domin imani bai cika sai da ita. Sai dai malamai sun daɗe da rarrabe abu biyu: ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan musiba ta auku, ba hujja ba ce da mai sakaci zai wanke kansa da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (R.A.) cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah (S.A.W.) labari, ya siffanta wuta da abokiyar gaba, ya kuma yi umurni da a riƙa kashe ta in za a kwanta. A wata ruwayar har an ambaci dalili, watau ɓera kan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Ku duba da kyau. Wanda ya fi kowa sanin Allah da dogara gare Shi bai tsaya ga jaje kawai ba, sai da ya gano sababi ya toshe shi. Mu da muke kiran mutane zuwa ga raya Sunna, yaya aka yi muka riƙe sunnar ɗage wando da ta asuwaki, muka bar wannan ta mutu a gidajenmu?

Alhazanmu na shekarun baya ba za su manta da Mina ba. Ranar 15 ga Afrilu, 1997, wadda ta yi daidai da ranar Tarwiyya, wuta ta tashi daga tukunyar gas ta girki a cikin tantunan mahajjata, iska ta kwashe ta, ta cinye tantuna kusan 70,000, mahajjata fiye da 340 suka rasu. Kafin wannan, a 1975, irin wannan tukunyar ta jawo wata gobarar a wuri guda, wadda ta halaka kimanin mutum 200. Waɗannan baƙin Allah ne, cikin harami, a wuri mai alfarma, amma wutar ba ta ƙyale su ba, don kuwa haka Allah Ya halicce ta. Hukumomin Saudiyya kuma ba su ce ƙaddara ce suka naɗe hannu ba. Sun sauya tantunan da waɗanda wuta ba ta ci, sun hana shiga da tukunyar gas, kuma a tantunan nan alhazai ke kwana har yau.

Mu dawo gida. Kowa a Sakkwato ya san abin da hunturu ke yi daga Nuwamba zuwa Fabrairu: zana da kara da azara duk su bushe ƙayau, iska kuma ta ɗauki tartsatsi daga wannan gida ta ajiye a wancan. Ranar 19 ga Janairu, 2021, da wuta ta cinye babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato, duk ƙasar nan ta ji, manya suka yi ta zuwa jaje. Amma gobarar ɗakin girki ba ta shiga labarai. Mace ɗaya ce, ko yaro ɗaya, a kai shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in ya rayu ya rayu da tabo da naƙasa, in ya rasu a yi jana'iza a watse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, kuma mata da yara a gida ne abin ya fi samu. Ga shi kuwa da yawa daga lungunan tsohon gari motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga. Ke nan minti biyar na farko a hannun mutanen gida suke, ko su san abin yi ko gidan ya tafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda makamashin girki ya yi ta sauyawa a hannunmu. Iyayenmu mata sun gaji ilimin itace da murhu kaka da kakanni. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya, aka ƙirƙiro murhun da ake kira Abacha. Aka janye tallafin kananzir a 2016, aka janye na fetur a 2023, kowane gida ya koma neman abin da ya fi sauƙi a wannan watan: yau gawayi, gobe gas, jibi a koma itace. Tukunyar gas ta shiga cikin kayan ɗakin amarya tare da gado da kujeru, amma ilimin amfani da ita bai shiga ba. Uwar amarya ba ta taɓa girki da ita ba balle ta koya wa 'yarta, ango kuma yana ganin ba huruminsa ba ne.

Saboda haka bari mu ɗan tsaya a kan gas, domin shi ne baƙon da ba mu san halinsa ba. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa-ruwa ne da aka matse, in ya fito sai ya zama iska. Wannan iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka in ta tsiyaye ba sama take yi kamar hayaƙi ba, ƙasa take kwanciya kamar ruwa, ta bi daɓe ta taru a kusurwa da ƙarƙashin gado. In ta kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Asalinta ba ta da wari, kamfanoni ne ke zuba mata wani sinadari mai ɗoyi da gangan don hanci ya yi mana gargaɗi. To, duk wanda ya shiga ɗakin girki ya ji wannan warin, kada ya ƙyasta ashana don ya duba, kada ya taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin a cikin makunnin ma ana samun tartsatsi. Ya rufe gas daga kan tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da kowa waje. In ana son gane inda yake yoyo, kumfar sabulu ake shafawa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne ɓarakar. Tiyon da ya fara tsagewa kuwa a sauya shi, ba a ɗaure shi da leda ko robar taya. Kuɗinsa bai kai na katin wayar da maigida ke sa wa a mako ba.

Ita kanta tukunyar tana da shekaru. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta sa mata wa'adin shekara 15, kuma ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikinta. Amma mu nawa ne muka taɓa sunkuyawa muka duba? Da yawa tsofaffi ne aka sake wa fenti, wasu har an yi musu walda a gindi. Araha ba ta ado. Haka kuma ƙa'ida ce kada a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100, don a bar wa ruwan da ke ciki wurin kumbura in ya ji zafi. Wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa tukunyar da aka cika maƙil aka bari a tsakar gida cikin rana abar tsoro ce. Sai ka ga mutum yana roƙon mai shago ya ƙara masa ɗan gyara, kamar mai sayen gero. Su ma shagunan da ke ɗura gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a, kusa da mai shayi ko mai tsire, ya kamata unguwa ta yi magana a kansu. Irin wannan shagon ne ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairu, 2020, ya kashe mutane har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda aski kawai ya kai shi maƙwabtan wurin. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Tanderun zamani da ake kira obin, wanda 'yan'uwa mata ke gasa kek da burodi a ciki, musamman gab da Salla, yana da nasa sharrin. Akwati ne rufaffe, in aka murɗa gas aka tsaya neman ashana, kafin a dawo ya cika, ana ƙyastawa sai wuta ta yi tsalle ta daki fuska. A buɗe ƙofarsa tukuna, a ƙyasta ashana, sannan a murɗa gas. In bai kama ba a rufe, a bar ƙofar a buɗe na wasu mintoci kafin a sake gwadawa. Na lantarki kuwa, shi da ƙaramin murhun lantarki da abin dafa ruwa, babban haɗarinsu shi ne a ɗauke wuta suna kunne, a manta, a kawo ta da tsakar dare kowa na barci. Kashe shi daga bango a lokacin da aka ɗauke wuta, wannan shi ne kashe fitilar zamaninmu.

Kananzir kuma, mai kyau ba ya kama wuta da sauƙi sai ta lagwani. Wanda ke fashewa shi ne wanda aka gauraya da fetur, ko aka zuba a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur. A 2001 irin wannan gurɓataccen kananzir ya ƙone mutane masu yawa a Legas da Benin. Duk ɗan kasuwar da ya yi wannan algus don riba, ya sani ba mudu kawai ya tauye ba, jini ne a wuyansa. Mai saye kuma ya riƙe amintaccen wuri ɗaya, ya ware jarka guda ta kananzir kaɗai. Kuma don Allah a daina ajiye shi a kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin yaro mai jin ƙishirwa ba ya karanta komai. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke tura man cikin huhu. A nufi asibiti da shi kai tsaye.

Akwai kuma kisan da ba shi da harshen wuta ko kaɗan. In sanyi ya tsananta sai a ɗauki kaskon garwashi ko kurfoti bayan an gama girki a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iska mai kyau sau 200 da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. Hayaƙin janareta ma haka yake. Abin takaici, in aka wayi gari aka tarar da uwa da 'ya'yanta a sanƙame babu rauni a jikinsu, sai a fara raɗe-raɗin aljanu, ko sammu, ko a ce kishiya ta sa guba a abinci. Jahilcin abu ɗaya ya haifi mutuwa, ya haifi ƙazafi, ya kai wasu gidan boka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar nan ba ta fita daga da'irar aƙida ba.

Haka lamarin yake ga mai farfaɗiya. Har yanzu akwai masu ganin cewa ana ɗaukar ciwon ta hanyar taɓa mai shi ko yawunsa, saboda haka in ta buge mace ta faɗa murhu sai a ja da baya ana salati tana ƙonewa. Wannan camfi ne tsantsa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa, kuma yana da magani a asibiti. A janye ta nan take. Mijin da ya san matarsa na da wannan lalura, bai dace ya bar ta ita kaɗai a gaban wuta ba.

'Yan'uwa mata, muna da magana ta musamman da ku, kuma muna fatan a fahimce mu. Mun yi shekaru muna kira zuwa ga hijabi, ba mu kuma janye ko kalma ɗaya ba. Amma yawancin yadin da ake ɗinka shi da shi a yau na roba ne, in wuta ta lashe shi narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunarsa ta fi ta auduga muni nesa ba kusa ba. Shari'a ba ta ɗora wa mace sa dogon hijabi a ɗakin girkinta tsakanin muharramanta ba. In kuwa gidan haya ne da ake girki a tsakar gida maza na wucewa, to a sa gajere na auduga a soke shi da kyau, maigida kuma ya kafa mata kariya. In tufafi suka kama, gudu hura wutar yake yi. A faɗi ƙasa a yi birgima, na kusa ya lulluɓe ta da bargo ko ya kwara mata ruwa. Amma in man suya ne ya kama a kasko, kamar yadda yake faruwa lokacin suyar ƙosai gab da buɗa-baki, to ruwa shi ne babban kuskure, domin yana taɓa man sai ya zama tururi ya watsa wutar har rufi. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfi ko faranti, a bar shi ya huce a inda yake. Girkin sahur ma a kula, mace ta yini da azumi ta yi Tarawihi, ta ɗora tukunya ƙarfe uku na dare ta ce bari ta ɗan kishingiɗa.

Yara kuwa ruwan zafi ya fi cinsu fiye da harshen wuta. Murhunmu a ƙasa yake, daidai tsawon mai rarrafe. Tukunyar miya da aka sauke, talgen tuwo, kunun da aka ajiye ya huce, uwa uba garwar ruwan wankan jego da ake tafasawa safe da yamma har kwana arba'in a gidan da yayyen jaririn ke guje-guje. Goyo a baya lokacin suya, da aiken 'yar shekara bakwai ta sauke tukunya, duk mun mai da su ba komai ba. In ƙuna ta auku, abu ɗaya ake bukata: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓamɓare tufan da ya manne, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, kamu, baƙin mai, tawada, babu ɗayansu da ke magani. Datti suke sa wa ciwon, likita kuma sai ya kankare su kafin ya fara aiki, yaron na ihu.

To, wa ke da alhakin duk wannan? Mu dai a ganinmu maigida ne kafin kowa. Shi ya sayo tukunyar, shi ya gina ɗakin girki babu taga don ya rage kuɗin bulo, shi ya ajiye jarkar fetur ɗin babur a bayan ƙofarsa. Ciyarwa da Shari'a ta wajabta masa ba ta ƙare a ajiye buhun shinkafa ba, har da wurin da za a dafa ta ba tare da an rasa rai ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna ɗaukar ilimi daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka. A garin da aka yi wannan, abin kunya ne a ce mace ta mutu don babu wanda ya ba ta ilimin minti goma.

Muna da abin da ko gwamnati ba ta da shi, watau makarantun Islamiyya na matan aure a kusan kowace unguwa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Gidan Igwai zuwa Arkilla, da mumbarin da ake saurare duk Juma'a. Muna kira ga shugabannin makarantun nan su ware darasi guda kafin hunturu ya kama, wani kuma a watan Sha'aban kafin azumi, su gayyato ma'aikatan kashe gobara na jiha da malaman jinya mata, a zo da tukunyar gas da risho a nuna a aikace, ba a karanta a allo ba. 'Yan agajinmu da ke tsare sahu a wurin wa'azi su koyi taimakon farko na ƙuna. Limamai su ba maganar nan huɗuba guda a shekara. Kwamitin kowane masallaci kuma ya rubuta lambar 'yan kwana-kwana da lambar gaggawa ta 112 a jikin bango inda kowa zai gani.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in ka koma gida yau bayan Isha'i, ka karɓi tocila ka shiga ɗakin girkin da wataƙila ka yi wata shida ba ka leƙa ba. Ka duba shekarar da ke jikin tukunyar, ka lanƙwasa tiyon ka ga ko ya tsage, ka fitar da jarkar fetur, ka ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa. Sannan ka kira uwargida da amarya da manyan 'ya'ya, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da za su yi in sun ji warin gas.